Kilishe Ba Kilishi Ba Ne: Tarihin Wata Kalmar Turanci

Ranar da muka fara rubuta kalmar cliché a kan allo, a gaban 'yan aji biyar na wata makarantar sakandare da ke ƙasar Jega, mun juyo mun ce musu ana furta ta "kilishe". Kafin mu rufe baki sai wani yaro daga can kujerar baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in kilishi ne a sam muna mu ɗanɗana." Aji ya ɗauki dariya, mu ma ba mu san sa'ad da muka dara ba. Amma da yamma muna tafe bisa babur za mu gida Jiga Birni, muna juya maganar a rai, sai muka ga ashe yaron bai yi nisa da gaskiya ba. Kilishi nama ne da aka yanka fale-fale aka shanya aka ajiye don wata rana. Kilishe kuwa magana ce da aka shanya aka ajiye, kowa ya zo ya ɗiba. Sai dai shi kilishi yana da yaji da ƙuli, ɗan'uwan nasa kuwa lami ne.

Abin da ya sa muka ga ya kamata mu bi asalin wannan kalma shi ne yadda ta zama sanda a hannun wasu 'yan'uwa a wajen taron karatu na wannan ƙungiya. Sabon marubuci zai miƙe jiki na rawa ya karanta labarinsa, wani ya ce "wannan ai kilishe ne", shi ke nan an kashe masa gwiwa, alhali da mai faɗin da wanda aka faɗa wa, babu wanda ya tsaya ya tambayi daga ina kalmar ta fito, kuma me take nufi tun farko.

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce, aro suka yi daga Faransanci, kuma a ɗakin buga littattafai aka haife ta. Tun daga zamanin Gutenberg a ƙasar Jamus, wajen shekarar 1450, yadda ake ɗab'i shi ne kowane harafi yana kan ɗan guntun ƙarfensa. Ma'aikaci zai tsaya gaban akwati yana tsintar haruffan nan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a juye, har layi ya cika, har shafi ya cika, sannan a ɗaure a shafa tawada a danna kan takarda. Da an gama sai a warware shafin a mayar da kowane harafi gidansa, domin da su za a jera shafi na gaba. To, idan littafi ya samu kasuwa aka so a sake bugawa, sai a koma farko a sake tsintar haruffa. Mai karatu ya kwatanta wahalar da ke cikin wannan ga littafi mai shafi ɗari biyar.

A shekarar 1725 wani maƙerin zinariya na birnin Edinbara a ƙasar Sikotilan, mai suna William Ged, ya fito da dabara. Ya ce bayan an jera shafi, a danna shi cikin filasta a samu gurbinsa, sannan a zuba narkakkiyar dalma cikin gurbin. Idan ta sandare sai a samu shafin nan dunƙule a faranti guda, a ajiye shi, duk ranar da ake bukata a ɗauko a buga. Bai ci ribar dabararsa ba, domin masu jera haruffa sun ga za ta ɗebe musu abinci daga baki. Sai wajen ƙarshen wannan ƙarni ne gidan ɗab'in Didot da ke birnin Faris ya inganta ta, kuma Firmin Didot ya sa mata suna stéréotype, wato dunƙulallen bugu. Su kuwa leburorin ɗakin ɗab'i suna da nasu sunan, cliché, wanda masana harshe suke ganin kwaikwayo ne na ƙarar da ake ji idan gurbin ya bugi ƙarfen da bai gama sandarewa ba. Kamar dai yadda Bahaushe ya ji ƙarar babbar mota ya ce tana gurnani.

Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci kalmar ba zagi ba ce, alheri ce. Da wannan faranti aka arhanta littattafan makaranta da na addini da ƙamus, talaka ya samu abin karantawa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya gyaruwa, kuma ba ya tunani. Abin da ya buga bara shi zai buga bana, ko duniya ta juya. Saboda haka da jaridu suka yawaita a Turai a ƙarni na 19, mutane suka riƙa ganin jimla ɗaya tana fitowa yau a wannan jarida gobe a waccan, sai masu sharhi suka ɗauko sunan farantin suka laƙaba wa irin wannan magana. Marubucin Faransa Gustave Flaubert ya shafe shekaru yana tara irin waɗannan zantuka da yake ji a bakin masu ji da kansu, ya jera su kamar ƙamus don ba'a, ba a kuwa buga aikin ba sai bayan rasuwarsa, wadda ta auku a 1880. Wajen ƙarshen ƙarnin ne Ingilishi suka fara amfani da kalmar da wannan ma'ana. Ita ma ɗaya kalmar ta Didot ba ta tsira ba: a 1922 ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ya yi amfani da ita a littafinsa Public Opinion da nufin irin hoton nan da mutum yake riƙe da shi a kai game da wata ƙabila ko wasu mutane tun bai sadu da su ba.

Kafin zuwan wannan baƙuwa Ingilishi suna da tasu ta gida, wato hackneyed, kuma tarihinta ya fi ba mu sha'awa. Hackney wani ƙauye ne a gefen Landan, wanda yanzu birni ya haɗiye, kuma galibin masana suna ganin daga sunansa ne aka samo sunan dokin da ba na yaƙi ba, ba na kwalliya ba, dokin haya wanda kowa ya biya ya hau. Duk wanda ya taɓa hayar keke a ƙuruciya ya san halin abin haya: sirdi ya lotse, birki ya mutu, ƙararrawa ba ta kuka. A ƙarni na 18 suka fara kiran gajiyayyar magana da wannan suna, kuma marubucin da ake haya ya rubuta duk abin da aka biya shi, irin waɗanda suka cika wani lungu na Landan da ake kira Grub Street, shi ma suka yanko masa suna daga dokin. A 1940 Eric Partridge ya fitar da ƙamus sukutum na irin waɗannan zantuka, sannan a 1946 George Orwell ya rubuta maƙalarsa a kan siyasa da harshen Ingilishi, inda ya nuna cewa shiryayyun jimloli su ne suke yi wa mutum tunani idan ya ƙyale su, kuma 'yan siyasa suna son su domin suna rufe ɓarna. Shawararsa ta farko ga marubuci ita ce ya guji duk wani kwatance da ya saba gani a rubuce.

To, kada wani ya zaci sai da Bature ya zo muka san da wannan ciwo. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a ƙasar Gwandu har ya kai ga karatun balaga, ko a Jauharul Maknun na Ahdari ko a Uƙudul Juman na Suyuɗi, ya ji an raba tashbihi, wato kamance, gida biyu: akwai na kusa wanda ake kira mubtazali, akwai na nesa wanda ake kira garibi. Wannan rabo ya samo tushe daga Abdulƙahir Jurjani a ƙarni na 11, Ƙazwini ya tsara shi a littafinsa Talhisul Miftahi a ƙarni na 14. Mubtazali shi ne kamancen da hankali yake kai wa gare shi ba tare da wahala ba, kamar a ce kyakkyawar fuska rana ce ko wata ne, jarumi zaki ne. Asalin kalmar kuwa yana komawa ga tufar da ake sawa kullum a yi aiki da ita, wadda ba a adana ta. Wato Bafaranshe ya ga faranti, Ba'ingilishi ya ga dokin haya, Balarabe ya ga rigar aiki. A ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna ya yi rubutu a kan nahawu da sarfu, wannan ilimi ba baƙo ba ne, mu 'yan boko ne dai muka tsallake shi muka je muka aro a Landan. Kuma malaman balaga sun fi Orwell sassauci, domin ba su ce a jefar da gajiyayyen kamance ba. Sun ce gwani yana iya taɓa shi, ya gindaya masa wani sharaɗi ko ya juya shi ta inda ba a zata ba, sai ya koma sabo.

A Hausar boko, abin ya biyo injin ɗab'i ne kamar yadda ya yi a Turai. Bayan gasar 1933 da Hukumar Talifi ta shirya a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, sai Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Daga nan aka samu abin da ba a taɓa samu ba: dubban mutane daga Yawuri har Haɗeja suna karanta jimla ɗaya a mako ɗaya. Rediyo ya zo ya ƙara. Yau idan aka kunna labarai, kafin mai karatu ya ƙarasa jimla mun riga mun ƙarasa masa a zuci. Shugaba ba ya magana sai dai ya "yi kira ga jama'a", gwamnati kullum ta "sha alwashin" abu, taro kullum ya "samu halartar manyan baƙi", ɓarawon da aka kama kuwa dole "dubunsa ta cika". Wasiƙar da aka koya mana a firamare ma faranti ce: bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mun taɓa ganin wasiƙar da ta fara da haka, alhali mai ita yana kwance asibiti, neman kuɗin magani yake yi.

Sai kuma guguwar littattafan soyayya. Daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a 1984, zuwa littattafan Balaraba Ramat Yakubu, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, matasa suka karɓi alƙalami ba tare da jiran wani kamfani ya ba su izini ba. Mu da muke sakandare a lokacin mun san yadda littafi ɗaya daga kasuwar Jega yake zagaya ɗakin kwana har bangonsa ya fita. An yi ta muhawara a jaridu a waɗannan shekaru, Ibrahim Malumfashi yana sukar abin da ya kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu suna kare shi. Ba za mu sake tada wannan ƙura ba. Ra'ayinmu dai shi ne, na gaba-gaba cikin marubutan nan sun duba rayuwa da idonsu, sun rubuta auren dole da kishi da zawarci yadda suka gan su. Waɗanda suka biyo baya da yawa kuwa littattafan suka duba, ba rayuwa ba. Nan ne aka zuba dalma. Kowace budurwa ta zama fara, doguwa, gashi har gadon baya, fuska kamar wata ɗan daren sha huɗu, son kowa ƙin wanda ya rasa. Da ta yi murmushi sai gonar auduga. Yanzu da labaran suka koma WhatsApp da Facebook farantin ya sauya amma yana nan: saurayi ɗan attajiri ne da ya dawo daga Turai, ba ya son hayaniya, a kowane shafi sai ya lumshe ido ya sauke ajiyar zuciya, ita kuwa ta turo baki.

Yanzu bari mu faɗi namu laifi, domin shi ne ainihin abin da ya zaunar da mu rubuta wannan.

Ba da daɗewa da gama diflomarmu ta koyarwa ba, muna ɗauke da wannan kalma kamar yaron da aka saya wa sabuwar wuƙa, muka ba 'yan aji aikin rubuta gajeren labari. Wata yarinya 'yar wajen Maiyama ta kawo labarin bikin yayarta. Muka zare jan biro muka hau aiki. Inda ta kwatanta amarya da farin wata da dogon hanci muka ja layi. Inda kakarsu take yi wa amarya nasiha ta ce mata "zo mu zauna, zo mu saɓa", nan ma muka ja layi, muka rubuta kilishe a gefe. Har "Assalamu alaikum" da wata baƙuwa ta yi a bakin ƙofa sai da biron ya yi shawagi a kanta. Da muka mayar da takardu ta biyo mu har ofishin malamai. Muka tambaye ta, shin yayarki fara ce doguwa? Ta rufe baki da mayafi tana dariya ta ce, "A'a Malam, baƙa ce gajera, kuma tana da wushirya." Muka ce to don me kika rubuta haka? Ta ce, "Ai haka ake rubutawa a littafi." Sannan ta ɗora yatsa kan layi na biyu ta ce, "Amma wannan kam, Malam, haka Inna ta faɗi. Ina wurin."

Ta fi mu gaskiya. Layi biyun nan da muka yi wa hukunci ɗaya ba jinsi ɗaya ba ne. Na farko ta ɗauko shi ne don kada ta wahalar da kanta wajen duban yayarta. Na biyu kuwa ta ji shi da kunnenta daga bakin tsohuwar da ta yi shekara hamsin a gidan miji da kishiyoyi, kuma babu wata sabuwar jimla da za ta ɗauki nauyin da wannan karin magana ya ɗauka a wannan ɗaki, a wannan dare. Karin maganar ya girmi farin watan da ɗaruruwan shekaru wataƙila, kuma an fi maimaita shi. Ashe ba tsufa ba ne, ba kuma yawan maimaici ba ne yake kashe magana.

Wannan shi ne haɗarin aro kalma ba tare da aro tarihinta ba. An haifi kilishe a duniyar takarda, inda abin da aka faɗa yana nan ajiye, don haka sake faɗinsa ɓarnar tawada ne. Adabinmu na baka kuwa da maimaici ya rayu. Idan mai tatsuniya ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara suka amsa, ba ƙarancin basira ba ne, ƙofa ce ake buɗewa, kamar yadda "ƙurungus" yake rufe ta. Makaɗin fada, ko Narambaɗa ne ko Ɗanƙwairo ko Sani Ɗandawo, zai kira sarki giwa, ya kira shi zaki, 'yan amshi su dawo da gindin waƙa sau ashirin, ba wanda ya gaji, domin gwanintar tana wajen inda aka ɗora kalmar da zambon da ya biyo bayanta. Rubutacciyar waƙa tun daga zamanin jihadi da yabon Ubangiji da salati take buɗewa, da su take rufewa. Turawan ma sun gane haka daga baya: Milman Parry da Albert Lord sun je Yugosilabiya a shekarun 1930 sun saurari mawaƙan baka, suka nuna cewa shiryayyun kalamai su ne tubalin da mawaƙi yake gini da su nan take a gaban jama'a, kuma Lord ya fitar da sakamakon a littafinsa The Singer of Tales a 1960. Wanda ya ɗauki ma'aunin Orwell ya shiga da shi fadar Argungu zai fito ya ce bai ji komai ba sai kilishe, alhali kunnensa ne bai iya ji ba.

Akwai kuma wani abu da muka lura da shi a rubutun yaranmu na nan. A tsakar gida bakinsu cike yake da gishiri. Yarinya za ta ce wa ƙanenta ya yi tsaye awa turken jaki, ko ta ce wance ta kumbura awa albasar Aliero da ta sha ruwa. Amma da ta ɗauki biro sai ta ajiye "awa" da duk abin da ke biye da ita, ta ɗauko Hausar littafi da kwatancen littafi, domin a ganinta na gida ƙauyanci ne. Yaron da ya tashi yana ganin yadda ake jera albasa a rumbu, ya san warin wadda ta fara ruɓa tun daga nesa, ya ga masu ɗori na Aliero suna kama karyayyar ƙafa, sai ya zo ya rubuta mana labarin wani Alhaji a wani katafaren gida a Abuja wanda bai taɓa takawa ba. Daidaitacciyar Hausa tana da muhimmanci, mu ma ita muke koyarwa, kuma da ita ake jarrabawa. Amma ƙa'idar rubutu daban, ido daban.

Saura batun suna. A wani zama da muka yi da wasu 'yan'uwa malaman Hausa an kawo shawarwari. Wani ya ce a kira shi gwanjon magana, tunda wani ya sa ya tuɓe. Wani ya ce kwantai, aka ce masa a'a, ai kwantai shi ne abin da bai samu mai saye ba, wannan kuwa kasuwarsa ce ta yi yawa. Mu muka kawo ɗumamen zance. Nan take wani dattijo cikinmu, wanda ya koyar da wasunmu tun a firamare, ya ce bai yarda ba, domin shi a wurinsa ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka ya fi sabon tuƙi daɗi, kuma duk wanda ya ce ba haka ba bai taɓa kwana a ƙauye ba. Aka yi dariya aka tashi ba a tsayar da magana ba.

Ita kuwa yarinyar, bayan kwana uku ta dawo da labarin. Ta bar maganar Inna yadda take. Amarya ta koma baƙa gajera, kuma a wurin da farin wata yake a da, ta rubuta cewa duk tsawon kwanakin bikin yayarta ba ta yarda ta yi dariya ba, domin dangin ango suna ɗakin, kuma tun tana ƙarama take jin kunyar wushiryarta.